Kafson Lesitin Ba Zai Tsare Hanta Ko Zuciya Ba: Martani Kan Kiran Da Aka Yi Wa Mutanen Ƙasar Gumel

Maƙalar da wani marubuci ya fitar a kan amfanin kafson lesitin na waken suya, wadda a cikinta ya yi kira ga mutanen ƙasar Gumel su rungumi shan sa a matsayin garkuwar lafiya, ta cancanci amsa mai tsawo, domin da kyakkyawar niyya aka rubuta ta, kuma akwai gaskiya a cikinta gwargwadon da zai sa mai karatu ya amince da ragowar ba tare da ya bincika ba. Matsayin marubucin shi ne cewa lesitin sinadari ne da kowace ƙwayar halittar jikin mutum take buƙata, cewa shan sa a kafso yana narkar da kitsen da ke toshe jijiyoyin jini, yana gyara hanta, yana kaifafa ƙwaƙwalwa, yana sauƙaƙa wa mai jego shayarwa, sannan tun da daga waken suya aka samo shi, babu wata illa da za a ji tsoro. A kan wannan ne ya gina shawararsa cewa magidanta a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su riƙa ware wani abu daga kuɗin riɗi da zoɓo suna sayen kwalba duk wata. Maganarsa ta farko daidai ce, amma abin da ya ɗora a kanta bai tsaya ba, kuma a yankin da kuɗin magani ke fitowa daga rumbu ko daga sayar da akuya, shawarar da ba ta tsaya ba tana iya cin ran mutum.

Lesitin suna ne na wani rukunin maiƙo mai ɗauke da sinadarin fosfaras, wanda masana ke kira fosfolifid, kuma da irinsa ne aka gina tantanin da ke kewaye da kowace ƙwayar halitta a jikin mutum da dabba da tsiro. Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Faransa, Theodore Gobley, shi ne ya fara ware shi daga gwaiduwar ƙwai a tsakiyar shekarun 1840, ya kuma raɗa masa suna a 1850. Abin da ya bambanta shi da sauran maiƙo shi ne gefe ɗaya na ƙwayarsa yana jituwa da ruwa, ɗaya gefen kuma da mai, saboda haka yana iya riƙe su biyun a haɗe ba su rabu ba. Wannan hali ne ya sa masana'antun abinci ke zuba shi kaɗan a cakulan da biskit da man shafa burodi da madarar gari mai saurin narkewa, inda sau da yawa ake rubuta shi a jikin kwali da lamba E322, kuma hukumomin kula da abinci a Turai da Amurka sun daɗe da amincewa cewa a wannan gwargwado ba ya cutarwa.

Inda aka fara kauce hanya shi ne bayyana lesitin kamar dai waken suya ne aka dunƙule a kafso. Lesitin na kasuwa ragowar aikin matatar mai ne: ana niƙa waken, a fitar da mansa da wani ruwan sinadari mai suna hekzen, sannan a zuba wa ɗanyen man ruwa kaɗan, sai wani danƙo ya kumbura ya rabu da man, kuma wannan danƙo ne ake tacewa, a busar, wani lokaci a washe launinsa, a sayar da shi. Babu aibi a wannan sana'a, sai dai ta nuna cewa furotin, wato sinadarin gina jiki wanda shi ne ya ba waken suya darajarsa, ba ya bin danƙon zuwa cikin kafso; yana zama ne a cikin tunkuzar da ake sayar wa masu kiwon kaji. Wanda ya sayi kafso yana zaton ya sayi albarkar waken suya, ya biya kuɗi mai yawa ne a kan ɓangaren da ya fi ƙarancin amfani ga mai fama da ƙarancin abinci.

Gaskiyar da ke ƙarƙashin maganar marubucin ita ce kolin, wani sinadari da ke cikin wani nau'in lesitin mai suna fosfatidilkolin. A farkon shekarun 1930, Charles Best, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin, tare da abokan aikinsa a Toronto ta ƙasar Kanada, sun nuna cewa lesitin yana hana kitse taruwa a hantar dabbobin gwaji, kuma kolin ne ke yin wannan aiki. Daga baya an tabbatar cewa mutum ma, idan aka hana shi kolin a abinci, hantarsa takan tara kitse ta fara lalacewa, duk da cewa hantar tana ƙera wani kaso da kanta. A 1998 ne Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta sanya kolin cikin sinadaran da dole a samu daga abinci, ta kuma ƙayyade miligiram 550 a rana ga namiji baligi, 425 ga mace, 450 ga mai ciki, da 550 ga mai shayarwa. Har nan babu jayayya. Amma kasancewar rashin abu yana jawo ciwo ba ya nufin ƙara shi a kan wanda ya wadatu yana warkar da ciwon da wani dalili dabam ya kawo, kuma wannan rata ce maƙalar ta tsallake ba tare da ta kawo hujja ba.

Ko da an ɗauka cewa mutanen yankin suna da ƙarancin kolin, lissafi ba ya goyon bayan kafso. Kafson da aka fi sayarwa yana ɗauke da miligiram 1,200 na lesitin, amma fosfatidilkolin a lesitin na waken suya na kasuwa yakan kama ne daga kimanin kashi 15 zuwa kashi 25 cikin ɗari, shi kuma kolin kimanin kashi 13 cikin ɗari ne na nauyin fosfatidilkolin. Idan aka buga, kafso ɗaya yana ba da kolin tsakanin miligiram 20 da 40, alhali babban ƙwan kaza guda ɗaya yana ɗauke da kimanin miligiram 147, giram 85 na dafaffiyar hantar saniya kuma yana ɗauke da fiye da miligiram 350. Wato ƙwai ɗaya ya yi daidai da kafso huɗu zuwa shida, kuma magidancin da ke son cike buƙatarsa ta yini da kafso kaɗai sai ya haɗiye 14 ko fiye. Mai karatu na iya tambayar kuɗin kwalba a kemis, ya gwada da kuɗin kiret ɗin ƙwai a kasuwa, ya kuma tuna cewa ƙwan yana zuwa da furotin da bitamin A da B12 waɗanda babu su a kafson.

Wannan lissafi ya fi ƙarfi a masarautar Gumel fiye da wurare da yawa, domin ƙasa ce ta dabbobi. Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, shanu da raƙuma da tumaki da awaki na shigowa daga nesa, mahauta na yanka, hanta da ƙoda ba baƙi ba ne a teburinsu. Da damina ƙwan zabi kan wadata a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, nono na nan a rugage, wake da gyaɗa kuma, waɗanda su ma suna ɗauke da kolin gwargwado, su ne abin da gonakin yankin suka saba bayarwa. Matsalar da ta dace marubucin ya tasa a gaba ita ce yadda ƙwan da kazar gida ta yi yakan tafi kasuwa don a sayo magi da gishiri, yadda hanta da tsoka kan tsaya a kwanon maigida, da kuma tsohon camfin da ya saura a wasu gidaje cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai koyi sata. Gyara waɗannan ya fi wuya fiye da tallar kwalba, amma su ne ke tsakanin yara da kolin ɗin da ake magana a kansa. Mai ciki dai ya kamata ta yi matsakaici wajen cin hanta, saboda yawan bitamin A da ke cikinta.

Da'awar da ta fi jan hankalin jama'a ita ce ta narkar da kitse, kuma misalin da ake kawowa kullum shi ne yadda sabulu ke wanke maiƙo a kwano: tun da lesitin yana haɗa mai da ruwa, in ya shiga jini zai wanke jijiya. Kama da wane ba ta wane. Lesitin da aka haɗiye ba ya shiga jini a yadda yake; ruwan narkar da abinci da ke zuba a cikin hanji yana yanka shi, jiki ya tsotse guntayen, ya sake gina su yadda yake buƙata. Bugu da ƙari, hanta da kanta tana zuba fosfolifid giram 10 ko fiye a cikin hanji kowace rana ta hanyar ruwan maɗaciya, abinci kuma yana ƙara wasu giram kaɗan, saboda haka kafso mai giram ɗaya da ɗoriya ƙari ne ƙanƙani a kan abin da jiki ke juyawa kullum. Sannan abin da ke toshe jijiya ba ya kwance a kan hanyar jini inda za a goge shi. Yana ginuwa ne a cikin bangon jijiyar kanta, inda kolestarol da ƙwayoyin garkuwar jiki da tabo da sinadarin kalsiyam ke taruwa a tsawon shekaru, har bangon ya kumbura ya ƙuntata hanya, ko ya fashe jini ya daskare a wurin.

Hanyar da ilimin likitanci ke bi wajen raba gardama irin wannan ita ce gwaji mai rukuni biyu, inda ake raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, a ba wasu ƙwayar da ba ta ɗauke da komai, ba tare da mai sha ko mai aunawa ya san wanda ya samu wanne ba. Binciken da masu tallar lesitin suka fi kafa hujja da shi an wallafa shi ne daga Barazil a 2010, a kan mutum 30 kacal na tsawon wata biyu, kuma ya ba da rahoton faɗuwar kolestarol da fiye da kashi 40 cikin ɗari da miligiram 500 na lesitin a rana. Adadi mai girma haka, wanda ya yi kafaɗa da magunguna masu ƙarfi, daga mutane kaɗan haka, abu ne da ke neman a sake gwada shi kafin a gaskata, kuma babu wani babban gwaji da ya maimaita shi. A 1998 masu bincike a Afirka ta Kudu sun gwada lesitin a kan maza 20 masu yawan kitse a jini ta hanyar da aka bayyana a sama, ba su ga wani sauyi ba. Don a ga bambancin nauyin hujja, gwajin maganin simbastatin da aka wallafa a 1994 daga ƙasashen Arewacin Turai ya bi marasa lafiya 4,444 na tsawon fiye da shekara biyar, ya kuma auna mutuwa kanta, wadda ta ragu da kashi 30 cikin ɗari. Babu wani gwaji na lesitin da ya nuna raguwar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa. Ga mutumin Gumel kuwa, babban abin da ke kai shi ga shanyewar jiki da gazawar zuciya shi ne hawan jini da ba a auna ba ko aka daina shan maganinsa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin yini ya kai giram 5, har da wanda ke cikin magi.

Maganar cewa babu illa ita ma tana bukatar gyara. Shan lesitin da yawa yana kawo gudawa da tashin zuciya da kumburin ciki, kuma kolin da ya haura miligiram 3,500 a rana, wanda shi ne iyakar da cibiyar nan ta Amurka ta sanya, yana jawo ƙarnin jiki irin na kifi da yawan gumi da faɗuwar bugun jini. A 2013 masu bincike a asibitin Cleveland na Amurka sun nuna cewa ƙwayoyin bakteriya na hanji suna sarrafa kolin na lesitin zuwa wani sinadari da hanta ke mayarwa TMAO, kuma a cikin mutum 4,007 da suka bi na shekara uku, masu yawan wannan sinadari a jini sun fi sauran kamuwa da bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa. Adalci ya wajabta a ce wannan bai tabbatar da cewa kafson lesitin yana jawo ciwon zuciya ba, masana na ci gaba da muhawara a kansa. Amma wanda ya tallata abu a matsayin maganin zuciya, amana ce a kansa ya gaya wa mai saye cewa akwai wannan tambaya.

Batun ƙwaƙwalwa ba ya bukatar dogon zance, domin an gwada shi an gama. Tunanin ya taso ne daga cewa jiki na amfani da kolin wajen ƙera asetilkolin, sinadarin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, wanda kuma yake raguwa a jikin masu cutar Alzheimer, babban sanadin abin da ake kira gigin tsufa. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwaje da auna ingancinsu, ta duba gwaji 12 da suka ƙunshi mutum 376, ta kuma bayyana a 2003 cewa babu wata fa'ida bayyananniya ga masu wannan cuta. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke shirin jarrabawa ba shi da abin da zai samu a kafson wanda barci da karin kumallo ba su ba shi ba.

Inda shawarar marubucin ta fi haɗari shi ne hanta, kuma a nan ne ya kamata a tsaya. Kafso-kafson hanta masu ɗauke da fosfolifid na waken suya sun daɗe a kantunan magani na Arewa, kuma mutumin da aka auna jininsa wajen ba da gudummawar jini ko gwajin kafin aure, aka ce masa yana da ciwon hanta, sau da yawa su ne abin da zai fara saye. Binciken ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a 2018 kan cutar ƙanjamau, wanda ya haɗa da gwajin ciwon hanta, ya samu kashi 8.1 cikin ɗari na mutane masu shekara 15 zuwa 64 ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Wannan ƙwayar cuta ce da ke zama a cikin ƙwayoyin hanta tana hayayyafa, mai ita yana iya yin shekaru yana noma yana fatauci ba ya jin komai, alhali hantar na yin tabo a hankali har ta ƙanƙance ta yi tauri, ko ta kamu da sankara. Idan ciki ya kumbura da ruwa, ko idanu suka yi rawaya, ko aka fara aman jini, galibi an makara. Lesitin ba ya kashe wannan ƙwayar cuta kuma ba ya hana ta hayayyafa. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, ta kuma sabunta a 2024, ta dogara ne a kan magunguna irin su tenofobir da entekabir, waɗanda aka tabbatar suna danne ƙwayar cutar suna rage haɗarin ƙanƙancewa da sankara, kuma lesitin ba ya cikin magungunan da ta ba da shawara.

An ba wa tunanin cewa fosfolifid yana hana hanta yin tabo damar da ta fi kowace girma. Likita Charles Lieber na New York ya ga alamun kariya a jikin gwaggon biri da aka ɗura wa barasa, abin da ya kai ga babban gwaji a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka a kan mashaya 789 na tsawon shekara biyu, ana ɗibar tsokar hanta ana dubawa kafin da bayan magani. Sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa tabon hanta bai bambanta ba tsakanin waɗanda suka sha maganin da waɗanda suka sha ƙwayar da ba ta ɗauke da komai, ko da yake rukunin biyu duka sun rage shan barasa ƙwarai a lokacin gwajin, wanda ya sa ciwon bai ci gaba da sauri ba. Akwai ƙananan bincike a kan masu kitse a hanta da suka nuna saukar wasu alƙaluman gwajin jini, kuma a kan irinsu ne wasu likitoci ke rubuta kafson a matsayin taimako. Wanda likitansa ya rubuta masa, ya koma ga likitan ya tambaye shi dalili. Amma saukar alƙalami a takardar gwaji abu ne dabam da danne ƙwayar cuta, kuma mai ciwon hanta nau'in B da ya shekara biyu yana shan kafso yana jin ya ɗauki mataki, bai yi gwajin yawan ƙwayar cutar a jininsa ba, bai yi hoton hanta ba, ya yi asarar abin da ya fi kuɗin kwalaben daraja, wato lokaci.

Akwai kuma abin da ya shafi manoman yankin kai tsaye wanda maƙalar ba ta ko ambata ba. Gyaɗa da masara da aka adana ba su bushe sosai ba suna kama wata fumfuna mai fitar da guba mai suna aflatoksin, wadda take cikin sanannun abubuwan da ke jawo sankarar hanta, kuma haɗarinta yana ninkuwa sau da yawa a jikin mai ɗauke da ƙwayar cutar nau'in B. Busar da amfanin gona sosai kafin a zuba a buhu, ɗaga buhuna daga ƙasa, tsince ƙwayoyin da suka ruɓe ko suka canja launi a zubar maimakon a mayar da su ƙuli-ƙuli ko kunun yara, waɗannan suna kare hanta ta hanyar da aka fahimci dalilinta. Haka nan allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, wadda Nijeriya ta sanya cikin rigakafin yara tun 2004, kuma ake so jariri ya samu ta farko cikin awa 24 da haihuwa, kyauta ake yin ta a asibitocin gwamnati.

Game da mai jego, gaskiya ne wasu masana shayarwa a ƙasashen waje suna ba da shawarar lesitin ga macen da hanyar nononta ke yawan toshewa, amma shawara ce da ta dogara a kan abin da aka lura da shi wajen aiki, ba a kan babban gwaji ba, kuma ba ta da alaƙa da ƙara ruwan nono. Matar da nononta ya kumbura ya yi ja tana zazzaɓi, asibiti take bukata a ranar.

Idan ana son a yi wa waken suya hidima a Jigawa, to a yi masa a matsayinsa na abinci. Binciken Ƙidayar Jama'a da Lafiya na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 64 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a jihar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗaɗɗen ƙarancin abinci mai gina jiki, adadin da yake cikin mafi muni a ƙasar. Yaron da ke kan hanyar tamowa furotin yake nema, da abinci mai ba da ƙarfi, da sinadarin ƙarfe na jini da zink da bitamin A. Busasshen waken suya yana ɗauke da furotin kusan kashi 40 cikin ɗari da mai kusan kashi 20, kuma lesitin ɗinsa yana nan a cikinsa kyauta. Awarar da ake soyawa a kowane lungu, da madarar waken suya, da garin kunun yara da ake haɗawa da gero da gyaɗa da soyayyen waken suya, duk suna kai wannan ga cikin yaro, da sharaɗin a dafa ko a soya waken sosai, domin ɗanyensa yana ɗauke da sinadarin da ke hana narkewar furotin. Gajeriyar daminar arewacin Jigawa ta fi dacewa da wake da gyaɗa da riɗi fiye da waken suya, wanda galibi ake kawowa daga yankunan da suka fi samun ruwa ta manyan kasuwanni irin su Dawanau a Kano, amma mudun da aka saya da kuɗin kwalba ɗaya zai ciyar da yara kwanaki.

Marubucin ya kuma kafa hujja da cewa kwalaben suna ɗauke da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Nijeriya, kuma daga Amurka ake shigo da wasunsu. Lambar hukumar, wadda aka kafa a 1993, shaida ce cewa an yi wa kaya rajista, idan lambar ta gaskiya ce. Ba ta zama shaidar cewa duk abin da mai lasifika ya faɗa a kasuwa an tabbatar da shi ba. A Amurka kuwa, dokar da aka yi a 1994 ta ba kamfanoni damar sayar da irin waɗannan kayan ƙarin abinci ba tare da sun fara tabbatar wa hukuma cewa suna warkar da komai ba, muddin ba su rubuta a jikin kwalba cewa suna maganin wata cuta ba. Shi ya sa da'awar warkarwa ke fitowa daga bakin dillali, ba a ganin ta a rubuce. Sannan lesitin maiƙo ne mai saurin lalacewa da zafi da iska, kuma kwalbar da ta kwana a rumfa ko a bayan mota a Maigatari cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ta wuce ƙa'idar ajiyar da aka rubuta a jikinta. Ɓawon kafso mai taushi shi ma galibi da jelatin ake yin sa, wanda ake samu daga fata da ƙashin shanu ko alade, kuma Musulmi yana da haƙƙin ya san wanne ne kafin ya haɗiya, abin da ba kowace kwalba ke bayyanawa ba.

Ana kira ga marubucin, wanda mutane suka karanta maganarsa saboda sun yarda da shi, ya janye shawarar sayen kwalba duk wata a fili, a inda ya wallafa ta, musamman abin da ya faɗa game da hanta. Duk wanda aka taɓa gaya masa yana da ciwon hanta nau'in B a Gumel ko Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, ya je Babban Asibitin Gumel ya nemi a duba shi, a tura shi Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano idan gwajin da yake bukata ba ya samuwa a kusa, ya kuma kai matarsa da 'ya'yansa a auna su, waɗanda ba su kamu ba a yi musu rigakafi.